Amsa ga mai tambayar kangon Saint Augustine na Goa

Wa'alaikumus salam. Ƙanena ka ce za ku je Goa hutun makaranta, abokanka na son a wuce bakin teku kawai, kai kuma ka ga hoton wata doguwar hasumiya a kangon gidan fada-fadan Katolika kana tambaya ko ya cancanci a ɓata masa yini, kuma ko Musulmi zai iya shiga ba matsala. To ni dai na je lokacin da nake karatu a Indiya, kuma shawarata ka je, amma fa ka san labarin wurin kafin ka taka, in ba haka ba tarin duwatsu kawai za ka gani ka dawo kana cewa an yaudare ka.

Wurin yana Old Goa ne, wajen kilomita 10 daga Panaji, babban birnin Goa, akwai bas, akwai kuma 'yan acaɓansu da suke kira pilot, ku yi ciniki kafin ka hau. Kusan kowa tsayawa yake a cocin Bom Jesus inda gawar Francis Xavier, wani fada da 'yan Katolika suka ɗauka waliyyi, take, a yi hoto a koma mota, shi ya sa in ka haura tudun da suke kira Holy Hill sai ka ga ba kowa sosai. Da ƙafa ma za ka iya.

Turawan Fotugal sun kama Goa a 1510, ba su bar ta ba sai 1961, ka ga kuwa sun daɗe. Fada-fadan ɗariƙar Augustine ne suka gina wannan coci da gidan zamansu, aka gama a 1602. Abin da ya ba ni mamaki wallahi ba yaƙi ne ya rusa wurin ba, ba kuma girgizar ƙasa ba. Gwamnatin Fotugal ɗin da kanta ce ta kori ɗariƙun addinin nasu, a 1835 aka watse aka bar ginin ba mai kula, shekara bakwai kacal rufin ya rufta a 1842, sai gaban ginin ya bi a 1931. Damina ce da sakaci. In ka ga irin ruwan da ake tafkawa a Goa daga Yuni zuwa Satumba ba za ka yi musu ba. Hasumiyar da ka gani a hoto tsawonta mita 46, kuma ita ma ɓari guda ne ya rage, kana tsaye kana ganin cikinta hawa-hawa. Da jar marmara aka yi ta irin wadda muke da ita a gida.

Kowa sama yake kallo saboda hasumiyar, ni kuwa na ce maka ka duba ƙasa. Daɓen cocin duk duwatsun kaburbura ne masu faɗi, da rubutun Fotugis da tambarin gidajen manyansu, wasu sun goge wasu har yanzu ana iya karanta shekarar. Can wajen gaba akwai ragowar tayil masu zane a manne da bango, nan ne za ka gane irin dukiyar da aka narkar a wurin. Na daɗe a nan sosai, har wanda muka je tare ya gaji ya koma inuwa ya bar ni.

Sannan akwai labarin Sarauniya Ketevan ta ƙasar Jojiya, wadda Shah Abbas na Farisa ya sa aka kashe a Shiraz a 1624. Fada-fadan nan ne suka ɗauko wani ɓangare na ƙasusuwanta suka kawo Goa suka ajiye. An yi shekaru ana tono ana nema, daga baya aka samu ƙashin, aka yi gwajin ƙwayar halitta, a 2021 ministan harkokin wajen Indiya Jaishankar ya kai wa Jojiya wani ɓangare. Ko ƙararrawar cocin ba ta ɓata ba, tana cocin nan fari fat na tsakiyar Panaji tun 1871, in kun koma gari ka ɗaga kai ka gan ta.

In kuma gidan sistoci kake nufi, wato na mata, wannan shi ne Santa Monica, yana nan daura da kangon, an gama shi a 1627 kuma shi bai rushe ba, akwai gidan adana kayan tarihi a ciki.

Maganar shiga, ba wanda ya tambaye ni addinina, ba a kuma yin ibada a kangon, hukumar kula da kayan tarihi ta Indiya ce ke riƙe da shi. Hukunci kuma wannan na malamai ne, ni ba na ba da fatawa. A sauran cocin da ake ibada dai ka sa tufa ta mutunci kar ka ɗaga murya.

Ku je da sassafe don ba rufi ba inuwar kirki, rana tana yi marmarar nan sai ta ɗau zafi. Ka riƙe ruwa, ka sa takalmi mai kama ƙasa musamman in damina ce saboda gansakuka, kuma don Allah kar a hau bango don ɗaukar hoto. Awa ɗaya zuwa biyu ta ishe ku, abokan naka ma ba su yi asarar tekunsu ba.