Hanyar coci ta ratsa gonarka: kafin ka ja wayar shinge

Tambaya: Lauya, bara na sayi gona. Duk Lahadi mutanen ƙauyuka biyu sukan ratsa ta tsakiyarta zuwa wata ƙaramar coci, har gefen kunya ya zama turba. Ina da ikon toshewa?

Amsa: Malam, ajiye turakun nan tukuna. Takardar saye ta ba ka gonar, amma mai yiwuwa hanyar ta girmi takardar, kuma haƙƙin wucewa yakan bi ƙasa ne ko da ta sauya hannu.

A ƙasashen da suka gaji tsarin shari'ar Ingila, abin da kotu ke fara tambaya shi ne: shekara nawa ana bi, kuma ta yaya? A Ingila da Wales, sashe na 31 na dokar hanyoyi ta 1980 ya ce idan jama'a suka yi shekara 20 cur suna bin hanya ba a katse ba, ana ɗaukar ta zama tasu. Sharaɗin dai su bi ta a fili, ba da ƙarfi ba, ba kuma da izinin mai gona ba.

Wannan na ƙarshen shi ne inda mutane ke mamaki. Idan tsohon mai gonar ya taɓa ce musu "ku wuce, na yarje muku", to aro ne, ana iya karɓewa. Idan kuwa ido kawai ya zuba yana ɗaga musu hannu, shirun nan nasa ne zai ci ka. Don haka nemo shi, ka tambaye shi ko ya taɓa kafa allon hana wucewa, ko kulle ƙofa ko da yini ɗaya ne, ko rubuta wa cocin wasiƙa. Tsofaffin ƙauyen ma shaidu ne, sai dai kada ka manta su ne masu bin hanyar.

In shekarun sun cika, toshewa laifi ne a dokar da na ambata. Abin da ya rage maka shi ne neman hukuma ta karkatar da hanyar ta bi iyakar gona. In ba su cika ba, ni dai ba zan so ka fara da jan wayar shinge ba. Zauna da dattawan cocin, ku rubuta cewa da izininka ake wucewa, ta nan zuwa nan, kowa ya sa hannu. Lissafin shekarun ya tsaya ke nan. Ka kai wa lauyan yankinku takardar saye da taswirar gonar ya auna da dokar ƙasarku kafin Lahadi mai zuwa.