Tambaya da Amsa: Mala'ikan da ya jawo gardama a Garwa

TAMBAYA: Gaisuwa cikin sunan Yesu, Yaya. Ni ke jan ƙungiyar matasa a majami'armu nan Garwa, arewacin Kamaru. Mun haɗa ɗan fim na minti bakwai da waya kan haihuwar Almasihu, wajen montaj, wato harhaɗa hotunan fim ɗin, na sa mala'ika yana saukowa cikin haske da hayaƙi, ranar da muka nuna yara sun yi ta ihun murna amma wani dattijon ikilisiya ya ja ni gefe yace wannan ruɗi ne. Yanzu kuma abokaina na so mu yi wani inda gurgu zai miƙe bayan addu'a mu watsa a WhatsApp. Laifi ne? Sannan koren ƙyallen da muke ratayawa a bayan mai wasa don mu sauya bayan hoton yana cinye kunnen mala'ikan, ya zan yi?
Ƙaninka daga Garwa

AMSA: Ƙanena sannu da ƙoƙari, kunnen mala'ikan nan ya ba ni dariya gaskiya, amma bari mu fara da maganar Baba dattijo tukun.

Kan mala'ika ban ga ruɗi ba. Duk wanda ya zauna kallo ya san ɗan unguwarsu ne aka sa wa farar riga, har sunan babarsa sun sani. Labari ne ake nunawa, kuma koyarwa da labari ba yau aka fara ba, annabi Natan da labarin 'yar tunkiya ya kama Dawuda a 2 Sama'ila 12, Yesu kansa da misalai ya yi ta koyarwa. Fim ɗin Yesu da ake haskawa a ƙauyuka a 1979 ya fito, daga Bisharar Luka aka ɗauko shi, an juya shi cikin harsuna sama da 2,000 har da Hausa da Fulfulde, kuma mu'ujizan da ke ciki duk dabarar kyamara ce, ba wanda aka ɓoye wa. Je ka sami Baba a gida da ladabi ka nuna mai a wayarka yadda ka haɗa, yawanci abin da ba a gane ba ne ke ba da tsoro.

Na gurgun ne ya tsaya min a rai. In kuka ɗauke shi cikin majami'a, da fastonku na gaske yana addu'a, kuka jefa a WhatsApp, kafin kwana biyu an yanke farkon an yanke ƙarshen, ya isa Marwa da Kusiri da Njamena da rubutun wai ga abin al'ajabi da ya faru a Garwa, kuma akwai uwar da ɗanta bai taɓa tafiya ba da za ta sayar da akuyarta ta hau mota ta zo neman fastonku. Me za ku ce mata? Nan dattijon yake da gaskiya, ko da bai san zancen ba tukun. In dole sai kun yi, ku ɗauko na Ayyukan Manzanni 3, gurgun bakin ƙofar haikali, ku sa kayan da kowa zai gane wasan kwaikwayo ne, ku rubuta hakan a jikin hoton daga farko har ƙarshe yadda ba mai iya yankewa.

Ni da zan zaɓa muku ma, ɗan da ya ɓace na Luka 15 za ku yi. Yaro ya karɓi rabonsa na kuɗin auduga ya tafi Duwala ya cinye, ya dawo a bayan babbar mota ba ko takalmi, tsoho na zaune ƙarƙashin darbejiya ya hango shi. Ba kwa buƙatar hayaƙi ko ɗaya. Kuma yana raba ku da wata matsala, maƙwabtanmu Musulmi da yawa ba sa jin daɗin ganin an sa wa annabi fuska, misali irin wannan kuwa kowa zai kalla har ƙarshe ya tura wa wani. Ku yi shi da Hausa ku sake ɗora murya da Fulfulde, 'yan Sawtu Linjiila, masu shirya shirye-shiryen rediyon bishara da Fulfulde a Ngaundere, sun daɗe da gane cewa da yaren mutum ake shiga zuciyarsa.

To kunne. Manhajar, CapCut ne ko KineMaster, duk abin da ta gani kore take gogewa, in yaron ya manne da ƙyallen koren na haskawa a gefen fuskarsa sai ta haɗa da shi. Matsar da shi kamar mita biyu, a goge ƙyallen a ja shi ya miƙe, haske ya zama ɗaya ko'ina, inuwa da safe ta fi, da zafin Garwa na Maris ma wayar kanta kashe kanta za ta yi da rana. Kar ya sa kaya mai kore.

Abin da ba ka tambaya ba kuma ya fi kashe finafinan matasanmu shi ne sauti. Ɗauki waya ta biyu ka sa a aljihun mai magana tana naɗar murya, a tafa hannu sau ɗaya a farkon kowace ɗauka don ka samu inda za ka daidaita. Minti bakwai ma ya yi yawa ga mai ƙirga megan datarsa, sauko da shi uku. In kuma a fili za ku haska da janareta, ku fara gaida mai unguwa ku sanar da hukuma kafin ku kafa allo.