Hukuncin cinikin macijin katako na mutanen Baga

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Abijan, ina sayar wa Turawa kayan sassaƙa. An kawo mini daga Gini wani macijin katako, ya fi ni tsayi, jikinsa da zanen ja da baƙi da fari, wai na Baga ne. Ba bauta masa zan yi ba. In saya in sayar?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗan'uwa, wannan ba tsana ce ta ado ba. Baga mazauna bakin teku ne a yankin Boke na ƙasar Gini, kuma suna kiran macijin nan a-Mantsho-na-Tshol. Daga itace guda ake sassaƙa shi. A da yana ɓoye a kurmin tsafi, sai lokacin shigar da samari cikin manya wani ya ɗora shi a ka ya fito, ana ganin iskar da ke cikinsa tana tsare gari da yaran daga mayu. To neman kariya wurin wanin Allah, ai shi ne asalin gunki. Su kansu Baga sun musulunta da yawa. Wajen 1956 wani mai wa'azi, Asekou Sayon, ya sa aka sare kurmukan, dillalan Faransa suka kwashe abin da bai ƙone ba.

Jabir ya ji Annabi (SAW) a shekarar buɗe Makka yana cewa Allah da Manzonsa sun haramta sayar da giya da mushe da alade da gumaka. Buhari da Muslim suka ruwaito. Ba a ce sai mai saye zai bauta masa ba. Cewa Bature a falo zai kafa shi ba ta sauya komai.

Na san za ka ce yawancin na kasuwa sababbi ne, a shafa musu hayaƙi da ƙasa su yi kamar sun tsufa. Ko da haka, surar mai rai ce cikakkiya mai inuwa, wato mai jiki ba zane a takarda ba, malamanmu na Malikiyya sun haramta ta. In kuma ka ce wa mai saye tsoho ne, ka ƙara da algus.

Kallonsa a gidan tarihi don sanin al'adun mutane babu laifi. In ka riga ka biya kuɗi, mayar wa mai shi in zai karɓa; in ya ƙi, cire kan, ka yi amfani da katakon. Ibnu Abbas ya ce wa wani mai zanen surori ya koma kan itatuwa da abin da ba shi da rai. Kujeru da akussa da ganguna ma Turawan suna saye.

Allah ne mafi sani.