Gajiyar aiki ce ko ta wuce haka? Yadda ma'aikacin lafiya zai auna kansa

Tambaya: Ni nas ce a wani asibiti a Jos. Kwana biyun nan ko na yi barci ba na wartsakewa, kuma da majinyaci ya kira ni sai in ji raina ya ɓaci. Yaya zan gane ko gajiya ce kawai?

Amsa: Sannu da ƙoƙari, Sista. Kada ki tsaya ga "lafiya lau" da kike amsa wa mutane, ki auna da lamba. Ma'auni mafi sauƙi shi ne WHO-5 na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fito a 1998. Abu biyar yake tambaya a kan makonni biyun da suka wuce: walwala, natsuwa, kuzari, tashi daga barci a wartsake, da ko akwai abin da ke ba ki sha'awa a rayuwar yau da kullum. Ki ba kowanne maki daga 0, wato sam babu, zuwa 5, wato koyaushe. Jimla 25 ce. Idan ta gaza 13, ko kin ba ɗaya daga ciki 0 ko 1, sai a bincika ciwon damuwa.

Wani kuskure shi ne cike shi da safe bayan aikin dare, ido ya yi ja, ƙafa ta kumbura. Makin zai iya faɗuwa ƙasa ko da lafiyarki ƙalau. Ki bari sai ranar hutu, ki rubuta kwanan wata, ki maimaita bayan mako biyu.

Ɓacin ran nan ya fi gajiyar ɗaukar hankali. A 2019 hukumar ta bayyana ƙonewar aiki da alamu uku: ƙarewar ƙarfi, janye zuciya daga aikin, da jin ba kya taɓuka komai. Gajiya zalla hutun kwana biyu yana maganinta. Ƙonewar aiki kuwa da kin hango ƙofar asibiti take dawowa. Idan har gida ta biyo ki, abinci da zumunci duk sun fita daga ranki, to ta fi kama da ciwon damuwa.

Ki auna yawan jini, suga da hawan jini, don ƙarancin jini ma yana kawo wannan kasala. Kada ki rubuta wa kanki maganin barci ko tiramadol don yana kusa da hannu. Da haka ake kamuwa. Ki ga likitan ƙwaƙwalwa, akwai sashensu a JUTH, wato Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos. Idan tunanin kashe kanki ya taɓa zo miki, ki je yau, ki tafi da wani na jikinki.