Likita, ina jinin karena ya tafi? Amsoshin tambayoyinku kan ciwon da garkuwar jiki ke fasa jini

Tambayoyin wannan karon daga masu karnuka suke, na gadi da na farauta, kuma kusan duka a kan ƙarancin jini. Na haɗa su wuri guda domin amsar wata tana cike giɓin wata.

Tambaya daga wani magidanci a Kaduna: Assalamu alaikum Likita. Karen gadina ɗan shekara biyar ya daina cin abinci, ba ya ko tashi in baƙo ya shigo. Dasashinsa ya yi fari fat, fitsarinsa kuma ya koma ruwan shayi. A asibitin dabbobi an ce PCV ɗinsa, wato ma'aunin yawan jajayen ƙwayoyin jininsa, 16 ne, wai garkuwar jikinsa ce ke cinye jinin. Bai ji ciwo ba, bai zubar da jini ba. To ina jinin ya tafi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, sannu da jinya. Jinin bai fita waje ba, a cikin jiki ake ɓarnata shi. Aikin garkuwar jiki shi ne ta gane ƙwayar cuta, ta yi mata alama, sannan saifa da hanta su kama ta su narkar. A wannan ciwo, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da IMHA, garkuwar tana kuskure ta riƙa sa alamar a kan jajayen ƙwayoyin jinin karen kansa. Ƙwayar da ya kamata ta yi kusan wata huɗu tana aiki sai a hallaka ta cikin 'yan kwanaki. Ɓargo yana ƙoƙarin maye gurbi, amma shi kansa sai ya ɗauki kwana uku zuwa biyar kafin sabbin ƙwayoyi su fara fitowa da yawa, don haka ɓarna ta fi gyara sauri.

Launin fitsarin da ka gani ragowar ƙwayoyin da aka fasa ne. Idan abin ya yi yawa har farin ido da dasashi sukan yi ɗorawa, irin na ciwon shawara. PCV na lafiyayyen kare yana tsakanin 37 da 55, ka ga 16 bai kai rabin mafi ƙanƙanta ba. Shi ya sa yake haki, zuciyarsa na bugawa da sauri, ba shi da ƙarfin haushi.

Ba a yanke hukuncin wannan ciwo da ganin ido. A kan shafa jini a gilashi a duba da madubin likita, ana neman wasu ƙwayoyi da suka ƙanƙance suka dunƙule saboda saifa ta gutsire musu gefe. A kan kuma gauraya ɗigon jini da ruwan gishirin asibiti a ga ko ƙwayoyin za su manne da juna, akwai kuma gwajin da ake kira Coombs. A Turai da Amurka galibi ba a samun dalili, ciwon kan faɗo wa kare haka kawai, musamman karya mai matsakaicin shekaru da jinsuna irin su Cocker Spaniel da Poodle. A nan wurinmu kuwa, ni ba na yarda da cewa "ba dalili" sai an binciki cututtukan kaska tukuna. Ka tambayi likitanka ko an yi hakan.

Kada in ɓoye maka, ciwo ne mai kisa, kuma makonni biyun farko su ne mafi haɗari. Abin da ya fi kashe su ma ba ƙarancin jinin ba ne, gudan jini ne da ke daskarewa ya toshe jijiyar huhu. Saboda haka ake haɗa musu da maganin hana daskarewar jini, kamar kulofidogirel. Idan yana barci ka ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. In ya wuce 30, ko ka ga yana fama da numfashi yana kwance, kada ka jira gari ya waye.

Tambaya daga wani mafarauci a ƙasar Bauchi: Likita, karnukana kaska ta cika musu kunne. Ɗaya ya rame, bakinsa ya yi fari. Wani makiyayi ya taimaka mini ya yi masa allurar sammore ta shanu, amma har yanzu bai miƙe ba. In ƙara masa wata?

Amsa: A'a Baba, don Allah kada ka ƙara. Allurar da aka yi masa, wadda aka fi sani da Berenil, gaskiya tana kashe Babesiya, ƙwayar cutar da kaska ke sa wa kare a jini. Sai dai jikin kare ba ya jure ta yadda saniya ke jurewa. In aka zarce ƙima ko aka maimaita a kusa-kusa, tana taɓa ƙwaƙwalwa: kare ya fara tangaɗi, idanunsa na rawa, ya yi farfaɗiya, sau da yawa ba ya tashi. Dole a auna nauyinsa kafin a ja ta a sirinji, kuma aikin likita ne.

Rashin miƙewarsa na iya zama ɗaya daga abubuwa da dama. Jar kaskar nan da ke ɓuya a tsagar bango tana ɗauke da wata cutar dabam, Erlikiya, wadda wannan allura ba ta yi mata komai. Maganinta dokisisaikilin ne na kwana 28 cif. Karen da ke shiga daji kuma yana iya kamuwa da sammoren kansa daga cizon ƙudan tsando, har idonsa ya yi hazo. Akwai tsutsar hanji mai tsotsar jini. Sannan akwai wanda ya shafi zancenmu na yau: wani lokaci cutar kaska ce ke tayar da garkuwar jiki, a kashe ƙwayar cutar amma garkuwar ta ci gaba da fasa jini. Irin wannan kare yana buƙatar maganin cutar da na kwantar da garkuwa a tare. In kuwa aka ba shi na kwantar da garkuwa kaɗai alhali cutar na nan, an buɗe mata ƙofa ke nan. Gwajin jini ne kawai zai raba gardama. Asibitin gwamnati na dabbobi mafi kusa da kai zai iya duba gilashin jini, in abin ya fi ƙarfinsu akwai Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, ba ta yi muku nisa ba.

Sauran karnukan a raba su da kaska, amma ban da shafa baƙin mai ko fiya-fiya, guba ce gare su da yaran gida. Akwai ƙwayoyin taunawa irin su NexGard na wata-wata da Bravecto mai kai mako 12. A kuma yi feshin makwancinsu, domin yawancin kaskar ba a jikin kare take ba, tana cikin bango da ƙasa.

Tambaya daga wata uwargida a Jos: Likita, karyarmu ta yi mako uku tana shan furednisolon, maganin kwantar da garkuwa, saboda wannan ciwo. Alhamdu lillahi ta warware, dasashinta ya dawo ja. Amma ta koma shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, tana fitsari ko'ina, ga haki ga ci kamar ba ta ƙoshi. Maigida ya ce maganin ne ke cutar da ita, mu daina. Ƙwaya takwas fa take sha a rana!

Amsa: Hajiya, maigida ya yi daidai a rabi: maganin ne ke jawo duk abin da kika lissafa. Amma dainawa ita ce babban kuskuren da za ku yi, kuma a nan ne mutane da yawa ke rasa karen da ya riga ya tsallake mawuyacin wuri.

Mu fara da ƙwaya takwas ɗin. Ƙa'idar da ƙwararrun likitocin dabbobi na Amurka suka fitar a 2019 ta ce a fara da miligiram 2 zuwa 3 a kowane kilo na nauyin kare a rana, sai manyan karnuka da suka haura kilo 25 da ake yi wa lissafi dabam don kada ya yi musu yawa. Ƙwayar da ake samu a kemis miligiram 5 ce. Karya mai kilo 20 za ta sha miligiram 40, ƙwaya takwas ke nan. Likitanki bai yi ganganci ba.

Dalilin hana tsayarwa farat ɗaya biyu ne. Garkuwar ba ta shiryu ba tukuna, danne ta aka yi, kuma da an ɗaga hannu za ta koma ɓarna, sau da yawa fiye da na farko. Na biyun kuma, akwai wasu 'yan halittu a saman ƙoda da ke samar da sinadari irin na wannan magani. Idan kare ya daɗe yana samunsa daga waje sai su yi sanyi da aiki. In aka yanke kwatsam, jiki ya rasa na waje ya rasa na ciki, sai amai, kasala, har suma. Abin da ake yi shi ne, idan PCV ya haura 30 ya tsaya daram na mako biyu, a rage kashi ɗaya cikin huɗu, a jira kamar mako uku, a sake gwaji, a sake ragewa. Tafiyar kan ɗauki wata uku zuwa shida. Da zarar an fara ragewa za ki ga ƙishirwar da hakin suna sauka.

Kafin nan, kada ki hana ta ruwa don gudun fitsari, ki dai riƙa fitar da ita akai-akai har da dare. Yunwar kuwa ta ƙarya ce, ki raba abincinta na kullum gida uku, kada ki ƙara yawansa. Za ki iya ganin cinyoyinta sun sirance, ciki ya ɗan fito, wannan ma yana komawa. Abubuwan da ba a jira da su: baƙin kashi mai yauƙi, amai da jini, zazzaɓi, ƙurji ko ciwon da ya ƙi warkewa, ko dasashi ya sake fari. Ki mayar da duba dasashin al'ada kowace safiya a hasken rana.

Wata magana da nake so kowa a gidan ya ji, har masu aiki: kada a ba ta maganin ciwon jiki na mutane. Ibufurofen, daikulofenak da danginsu, in suka haɗu da furednisolon, suna huda ciki. Farasitamol ma in ya yi yawa yana lalata jini da hanta. Idan illar maganin ta yi tsanani, likita na iya ƙara wani na biyu, kamar azatiyofirin ko saikulosiforin, don a samu damar rage na farkon da wuri. Azatiyofirin ba a fasa shi da hannu tsirara, mai juna biyu kuma kada ta taɓa shi. Ko bayan an gama komai, kusan ɗaya cikin goma ko ɗan fiye ciwon kan dawo musu, don haka gwajin jini ba ya ƙarewa ranar ƙwayar ƙarshe.

Tambaya daga wani ɗalibi a Zariya: Karena yana da wannan ciwo. Zan iya saya masa maganin ƙarin jini na ruwa a kemis, in riƙa ba shi hanta da ragowar miya?

Amsa: Ƙanena, ajiye kuɗinka. Waɗannan magunguna sinadarin ƙarfe ne, shi kuwa wannan kare bai rasa ƙarfe ba, domin jikinsa yana sake amfani da na ƙwayoyin da aka fasa. Dafaffen nama, ƙwai da 'yar hanta ba laifi, amma ɗanyen nama a'a, tunda garkuwarsa a danne take. Ragowar miya ita ce matsala: albasa da tafarnuwa, ɗanyu ko dafaffu, suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare. Haka kafur ɗin da ake sa wa a akwatin kaya in ya haɗiye. Tunda a Zariya kake, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello na kusa da kai.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Kano: An ce sai an yi wa karena ƙarin jini. Ana sa wa kare jinin mutum? Kuma in an ƙara shi ke nan ya warke? Abokaina suna mini dariya wai ina kashe kuɗi a kan kare.

Amsa: Alhaji, jinin kare ake sa wa kare. A kan nemo lafiyayye mai kilo 25 zuwa sama, ɗan shekara ɗaya zuwa takwas, wanda aka tabbatar ba shi da cutar kaska, a ɗebi kimanin mililita 450. Su ma suna da rukunin jini. Ƙarin farko galibi ba ya kawo rikici, amma in an kwana huɗu ko fiye ana son na biyu, wajibi ne a gwada dacewar jinin.

Ƙarin jini ba ya warkarwa. Zuba ruwa ne a tulu mai yoyo: garkuwar za ta fasa sabon jinin ma, amma yana riƙe ran karen na 'yan kwanakin da magani ke buƙata kafin ya kama. Ba lamba kaɗai ake dubawa ba. Karen da jininsa ya sauka a hankali yana iya tsayuwa da PCV 15, wani kuwa da nasa ya faɗi dare ɗaya ya kasa ɗaga kai a 20.

Batun dariya, dabbar da ta kwana tana gadin dukiyarka tana da haƙƙi a kanka, kuma hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda shayar da kare mai ƙishirwa sananne ne. Abin da zan ba ka shawara shi ne ka zauna da likita ya lissafa maka kuɗin wata shida gaba ɗaya, da gwaje-gwaje, tun yanzu. Fara jinyar a yanke a tsakiya ya fi komai wahalar da dabbar.

Tambaya daga wata uwa a Gwambe: Yarana suna wasa da karenmu mai wannan ciwo. Za su iya ɗauka? Kuma lokacin allurar haukan kare ya yi.

Amsa: 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, ba ya yaɗuwa, ko ga mutum ko ga wani kare. Maganin dai a ɓoye shi daga yara. Allurar rigakafi a kan ɗage ta yayin da kare ke kan magani mai yawa, domin ba za ta kama sosai ba. Amma haukan kare na nan a ƙasarmu kuma ba shi da magani, saboda haka ki tsare shi a gida kada ya cuɗanya da na titi, likita ya sa muku ranar da za a yi.

Tambaya daga wani mai gadi a Sakkwato: Ni karena dasashinsa bai yi fari sosai ba, amma yana haɓo, ga jajayen ɗige-ɗige a cikinsa da cikin kunne. Ciwo ɗaya ne?

Amsa: Ɗan'uwansa ne, Malam. A jini akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu toshe rauni su tsayar da zuba. Lafiyayyen kare yana da 200,000 zuwa 500,000 a ma'aunin gwaji, kuma in suka faɗi ƙasa da 30,000 jini kan fara tsattsafowa da kansa. Garkuwar jiki na iya juya musu baya kamar yadda take yi wa jajayen, wani karen ma duka biyun ke haɗe masa. Sai dai a yankinmu haɓo a kare ya fi nuna Erlikiya, sannan a tambaya ko an sa gubar ɓera a gidan. Kada ka ba shi asfirin ko wani maganin ciwo, kada a yi masa allura a tsoka, ka cire sarƙar wuya, ka hana shi ƙashi da guje-guje. Ka sa tsumma mai sanyi a doron hancinsa, ka kai shi asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yau ɗin nan, ka ce a ƙirga masa waɗannan ƙwayoyi a kuma duba cutar kaska.