Tambayi Likita: Littafin rubutu a gefen gado

Wata baiwar Allah daga Zariya: Likita, da na kwanta sai tunani ya taso min, kuɗin makarantar yara, cefanen gobe, bikin ƙanwata. Sai wajen ƙarfe biyu barci ke ɗaukata. Ƙawata ta ce in riƙa rubutawa. Da gaske yana aiki?

Ƙawar taki ba ta yi ƙarya ba. A 2018 masu bincike a Jami'ar Baylor ta Amurka sun raba matasa 57 gida biyu kafin su kwanta: wasu suka yi minti biyar suna rubuta ayyukan da ke jiransu, wasu kuma abin da suka riga suka gama. Masu rubuta ayyukan da ke jiransu sun riga sauran yin barci da kimanin minti tara. Ƙwaƙwalwa na ta juya aikin da bai ƙare ba ne don kada a manta da shi, da an sauke mata a takarda sai ta saki. Ki rubuta dalla-dalla: manja, daddawa, kai wa tela anko kafin azahar. Kuma da biro, don waya za ta ja ki WhatsApp. Idan rashin barcin ya kai dare uku a mako har wata uku, ki zo asibiti.

Wani dattijo daga Maraɗi: Ina da hawan jini. Duk sanda likita ya tambaye ni yadda na ji tun zuwana na baya, sai in rasa abin faɗa.

Baba, ba kai kaɗai ba ne. Yawancin marasa lafiya "da sauƙi" suke ce mana, mu kuma ba mu iya gyara magani da "da sauƙi". Ka sa jika ya ja maka layuka a littafin makaranta: kwanan wata, awon safe, awon dare, ko an sha magani, sai abin da ka ji a jiki. Ka zauna minti biyar kafin ka auna, safe kuma kafin shan magani. Da ajami ma ya yi, in dai lambobin sun fito.

Akwai wata tsohuwa da ke zuwa wurina, kullum awonta a sama. Har na yi niyyar ƙara mata magani, sai 'yarta ta fito da littafi daga jaka, bangonsa duk manja. Awon gida lafiya lau. Ganin farar rigar likita ne ke tayar mata da jini. Da na ƙara, da jiri ya kayar da ita. A gida muna so awo ya tsaya ƙasa da 135/85. In ya kai 180/120 tare da ciwon ƙirji, harɗewar harshe ko mutuwar ɓarin jiki, a ajiye littafi a nemi mota.

Wani matashi daga Kano: Mahaifina ya rasu bara, har yanzu ban dawo daidai ba. An ce in riƙa rubuta ni'imomin da Allah Ya yi min. Zai warkar da ni?

Allah Ya jiƙan Baba. A 2003 masu bincike Robert Emmons da Michael McCullough sun sa ɗalibai rubuta abubuwa biyar da suke godiya a kai, mako-mako, kuma waɗannan sun fi masu rubuta ƙorafi kyakkyawan zato ga rayuwa. Ka faɗi abin takamaimai, kamar "maƙwabci ya kawo mana kunu". Ni dai na fi so ka haɗa da rubuta mahaifin naka: karin maganarsa, inda yake shimfiɗa tabarma, faɗan da yake maka. Hawaye zai iya zuwa, ba komai. Amma in ka yi mako biyu ko fiye ba barci, ba cin abinci, komai ya fita ranka, wannan ciwon damuwa ne, yana da magani. In tunanin kashe kai ya zo, ka gaya wa wani na kusa, ku zo a ranar.

Wata amarya daga Jos: Ina tsoron maigida ya karanta abin da na rubuta.

In kin gama rubuta abin da ya dame ki, yage shafin ki ƙona. Na cefane da na awon jini kuwa bar shi a fili, wataƙila ya gani ya ƙaro kuɗin manja.