Tambayi Malamin Kimiyya: Daga ina 2 ɗin gaban NaOH ya fito?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aji biyu a babbar sakandare. A gwajin da muka yi na rubuta H₂SO₄ + NaOH → NaSO₄ + H₂O, malaminmu ya ja mini jan biro a wuri biyu. Alhali na HCl da NaOH haka na yi shi, kuma ya ba ni maki cikakke. Ina na kauce? Daga wata ɗaliba, Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Malaminki bai zalunce ki ba, kuskure biyu ne.

Na farko gishirin da kika haɗa. SO₄ cajinsa −2 ne, Na kuwa +1, don haka sai Na biyu sun taru kafin su riƙe shi: Na₂SO₄. Ki fara gyara wannan tukuna. Da zarar ƙananan lambobin nan na ƙasa sun zauna daidai, sun zama sunan yanka, ba a sake taɓa su. Lambar gaba kaɗai ake sauyawa.

Kuskure na biyu ruwan. H₂SO₄, wato asid ɗin da ke cikin ruwan batirin mota, H⁺ biyu yake saki. NaOH, sodar da mata ke haɗa sabulu da ita, OH⁻ ɗaya tak gare ta. Kowane H⁺ sai ya sami nasa OH⁻ kafin su zama H₂O guda. To ki kawo NaOH biyu, ruwa ya fito biyu:

H₂SO₄ + 2NaOH → Na₂SO₄ + 2H₂O

Ƙirga ki gani: H huɗu hagu, huɗu dama, O shida da shida. Lissafin HCl kuwa ɗaya da ɗaya ne, shi ya sa ya zo miki a ɓagas, har ya saba miki da rashin ƙirga. Shekarun da na yi ina duba takardun ɗalibai, a nan na fi ganin ana tuntuɓe.

Ki kuma kula idan aka kawo miki carbonate. Kin taɓa ganin mamanki ta sa kanwa a yakuwa don kashe tsami, tukunya ta yi kumfa? Carbonate ɗin da ke cikin kanwa ne ya haɗu da tsamin, iskar CO₂ ce ke tashi, dole ta shiga lissafi:

2HCl + Na₂CO₃ → 2NaCl + H₂O + CO₂

Yau da dare ki gwada lissafin Ca(OH)₂ da HCl a takarda. Wannan karon OH⁻ ne biyu, sai ki duba wa zai ɗauki 2 a gabansa.